Itacen balluɗ na Maroko zai yi a tsakar gida a Maradi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na yi karatu a Maroko, kuma a garin Ifran na ga wani itace da Larabawa ke kira balluɗ, wanda ganyensa ba ya zuba duk shekara, aka kuma ce mini yana jure fari ƙwarai. Yanzu na gama gini a unguwar Ali Ɗan Sofo, ina son inuwa a tsakar gida wadda ba za ta ci mini ruwan famfo ba. Wani abokina ya yi alkawarin kawo mini 'ya'yansa. Yaya zan shuka su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka hutar da abokinka, domin jure farin da aka ba ka labari gaskiya ne, amma ba irin farinmu ba ne. Ifran yana kan tsaunukan Atlas, sama da mita 1,600 daga bakin teku, har dusar ƙanƙara tana sauka a can. Ruwansu yana zuwa ne a lokacin sanyi, sa'an nan zafi ya zo da bushewa, kuma a kan wannan tsari balluɗ ya ginu: yana shan ruwa lokacin da ƙasa take da sanyi, yana hutawa idan ta yi zafi. A Maradi kuwa abin a juye yake. Ruwanmu yana sauka tsakanin Yuni da Satumba a kan ƙasa mai ɗumi, bayan bazarar da ma'aunin zafi ke wuce 40 a watannin Afrilu da Mayu. Haɗuwar laima da ɗumi a gindin balluɗ ita ce ke tayar da cutar ruɓewar saiwa, shi ya sa ko a ƙasashensa ake gargaɗin masu lambu kada su yi ta malala masa ruwa da zafi. Ga kuma matsalar iri: 'ya'yan balluɗ suna mutuwa da zarar sun bushe, ba kamar gero ba da zai shekara a rumbu ya tsira. A duk Afirka, a arewacinta kaɗai dangin wannan itace suke fitowa da kansu.

Abin da ya sa ya yi maka kyau a Ifran shi ne ɗan gida ne a can. Saboda haka sai mu nemi ɗan gidan da zai yi maka wannan aiki a nan. Gawo ya fita, tun da shi da damina yake kakkaɓe ganyensa, wanda alheri ne ga manomi amma ba ga mai neman inuwa kullum ba. Aduwa ta fi kowa haƙurin ƙishirwa, sai dai ƙayarta ba ta dace da gidan da yara ke yawo ba takalmi ba. Kanya tana da inuwa mai duhu da ganye duk shekara, amma ta fi son bakin gulbi da gindin suri, kuma namiji daban take da mace daban, ta yadda mutum zai iya renon guda shekara da shekaru bai ga ɗiya ba. Dogon yaro da ya cika titunanmu baƙo ne daga Indiya, kuma saiwarsa ba ta jin kunyar bango.

Ni tsamiya zan zaɓa maka. Asalinta na Afirka ne, ko da yake Larabawa sun raɗa mata suna dabinon Indiya. Idan bazara ta tsananta takan rage ganye na ɗan lokaci ta sake sabo, amma a gidan da ake alwala da wanke-wanke da wuya ka gan ta tsirara. Na san wasu tsofaffi za su ce maka tsamiya matattarar iskoki ce, ba a ajiye ta cikin gida. Wannan tsakaninka da iyalinka ne, ni dai abin da na sani a gindinta shi ne sanyi da kunun azumi.

Wurin dasawa shi ne abin da ya fi buƙatar tunani, domin kuskurensa ba ya gyaruwa. Tsamiya takan kai mita 20 idan ta tsufa, rassanta kuma su bazu sosai, don haka ka nisanta ta da bango da ramin masai da kimanin mita 7 zuwa 8. Idan filinka bai kai haka ba, gara ka haƙura da babban itace. Kada kuma ka sa ta inda uwargida ke son shuka yakuwa ko kuɓewa, saboda kusan babu abin da ke yin kirki a ƙarƙashinta.

Ka zaɓi ƙwallaye daga tsamiyar da ka ɗanɗana ka yaba, ka jiƙa su kwana ɗaya, ko ka ɗan kankare bayansu da wuƙa, ka shuka a leda mai tsawo tun watan Afrilu. Cikin mako biyu za su tsiro. Kada dashen ya daɗe a leda, domin idan uwar saiwa ta naɗe a ƙasan ledar ba za ta ƙara nutsawa neman ruwa ba, kuma wannan saiwar ce duk sirrin jure farin. Ka haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi, ka gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sarai da ɗan toka, domin ɗanyen taki gara yake kira. Ka dasa a watan Yuli idan damina ta zauna. Dashen bikin itatuwa na ƙasa da ake yi a Nijar ranar 3 ga Agusta yakan zo a makare idan ruwa ya ɗauke da wuri, sai dai a bi shi da ban ruwa.

A rani biyu na farko ka ba ta bokiti biyu sau ɗaya ko sau biyu a mako, a zuba a hankali ya nutse, maimakon yayyafin kullum da ke koya wa saiwa zama a sama. Tulu mai ɗan yoyo da aka binne a gefenta ana cika shi yana yin wannan aiki da kyau. Daga shekara ta uku ka fara janye hannu. Ka kewaye ta da tubali ko waya, domin akuya guda tana iya gama aikin shekara biyu kafin a idar da sallar azahar.

Sai dai ka sani tsamiya ba ta gaggawa. Wadda aka shuka daga ƙwallo takan yi shekara 7 zuwa 10, wani lokaci fiye, kafin ta fara 'ya'ya, wadda aka yi wa aure kuwa takan fara cikin shekara 3 ko 4, kuma ba ta girma kamar ta ƙwallo, abin da ya fi dacewa da gidan birni. Ka tambayi ma'aikatan gandun daji ko masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da ke Tarna kusa da Maradi, inda za ka sami irin wannan dashe. Kafin ta yi inuwa, ka kafa rumfar zana a gefe, ka sa zogale biyu daga nesa kaɗan, waɗanda za ka sare ranar da rassanta suka iso su.