Kande, Jummai da Garba: wane tsohon suna ake zaɓa, wanne haihuwa ke zuwa da shi?

Tambaya: Malam, ina da juna biyu, kuma haihuwar fari ce. Sunayen yayi irin su Afnan da Nihal sun ishe ni, ina son in koma na zamanin iyayenmu. Kande da Jummai sun fi kwanta mini a rai. In mace na samu, wanne ya fi dacewa?

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya. Sai dai Malama, a cikin biyun nan babu wanda za ki iya tsayarwa tun yanzu, ɗaya ma ya riga ya kuɓuce miki.

Sunayen da muke kira na da ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai sunan yanka, wanda ake raɗa wa jariri ranar suna, irin su Hauwa'u, Zainabu da Abubakar. Wannan zaɓin iyaye ne. Akwai laƙabin da ke bin sunan yanka, kamar Kulu ga Hauwa'u. Sai sunan rana da na yanayin haihuwa, waɗanda ba daɗin furuci ake dubawa a sa su ba, labarin yadda aka haifi mutum suke bayarwa. Kande da Jummai a nan suka faɗo.

Kande, haka ma Delu, mace ce da ta biyo bayan maza biyu ko fiye. Takwaranta a maza shi ne Tanko, namijin da ya zo bayan jerin mata. 'Yar fari ba ta da yayye, don haka ba ta zama Kande. In kin sa mata, duk dattijuwar da ta ji sunan za ta tambayi ina yayyenta maza, in aka ce babu kuwa, abin da zai fara zo mata a rai shi ne rasuwa suka yi. Gambo ma haka yake, na wanda ya biyo bayan tagwaye ne, mace ko namiji. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar siyasar nan da ta rasu a 2001, Hajaratu ne sunanta na yanka, bin tagwaye ne ya ba ta Gambo.

Jummai kuwa sai kin jira ranar. Juma'a ce ke ba da Jummai da Ɗanjuma, Asabar ta ba da Asabe da Ɗan'asabe, Lahadi Ladi da Ɗanladi, Litinin Altine, Talata Talatu da Ɗantala, Laraba Larai, Balaraba da Balarabe, Alhamis kuma Lami da Ɗanlami. Sunan rana ba ya tsayawa shi kaɗai, a kan sunan yanka ake ɗora shi. Dubi Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnan tsohuwar jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981: na farko na yanka, na biyu na rana.

Ga inda ake yawan samun saɓani. A lissafinmu dare ne ke gaba da yini, shi ya sa daren Juma'a yake nufin daren da ke shiga bayan magaribar Alhamis. Jaririyar da ta faɗo da ƙarfe tara na wannan dare, katin asibiti Alhamis zai rubuta, uwa ta ce Lami, kaka kuma ta kafe a kan Jummai. Ku daidaita wannan kafin ranar suna, don in sunaye biyu suka kama bakin dangi, da wuya a janye ɗaya.

Akwai kuma tsofaffin sunayen da zan ce ki yi nesa da su, komai daɗinsu a kunne. Talle na maraya ne, wanda aka tallafa bayan rasuwar uwa ko uba yana jariri. Audi na wanda mahaifinsa ya rasu yana ciki. Ajefas, Ayashe da Juji sunayen 'yan wabi ne, wato 'ya'yan matar da ta sha binne jarirai, ana sa su ne don a nuna kamar ba a damu da yaron ba, ko mutuwa ta kau da ido. Barau ma daga can yake, roƙo ne cewa a bar mana wannan.

In tsohon suna kike so wanda babu sharaɗi a kansa, hanya a buɗe take: Saratu, Salamatu, Ramatu, Rakiya, Hajara, Bilkisu, Asma'u. Ni a ganina Asma'u bai taɓa tsufa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, tagwaye aka haife su da Hassan, amma mahaifinta bai bi jerin Hassana da Usaina ba, ya sa mata Asma'u.

Tambaya: Malam, ina son in mayar da sunan mahaifina, Garba, ga ɗana. Wani ya ce mini Garba ba suna ba ne. Sannan maiɗakina ta ce bakinta ba zai iya kiran sunan surukinta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wanda ya faɗa maka bai yi kuskure ba, amma bai ƙarasa ba. Garba laƙabi ne na Abubakar, kamar Habu da Buba. Kusan kowane babban suna yana da nasa: Sanda na Umaru, Shehu na Usman, Maitama na Yusuf, Iro na Ibrahim, Mamman na Muhammadu, Audu na Abdullahi. A mata, Indo ta A'ishatu, Abu ta Zainabu, Dije ta Hadizatu, Mairo ta Maryamu, Binta ta Fatsima. Shehu ya manne wa Usman ne albarkacin Shehu ɗan Fodiyo, shi ya sa cikakken sunan shugaban ƙasar Nijeriya na 1979 yake Shehu Usman Aliyu Shagari.

To, abin da za a raɗa shi ne Abubakar, Garba ya biyo baya. Amma ka fara tambayar manyan gida ainihin sunan yankan mahaifinka, kada ka dogara da abin da ke kan takardunsa kawai.

Wannan ya fi muhimmanci ga masu son mayar da Sani, Salisu ko Rabi'u. Waɗannan ƙidaya ce ta Larabci. Uba kan sa wa 'ya'yansa maza Muhammadu bi da bi, sai a bambanta su da lamba: Auwalu ko Lawal na ɗaya, Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, har zuwa Ashiru na goma. Ɗan fari mai suna Salisu babu laifi in sunan kakansa ya ci, amma a san cewa gado ne, ba lissafi ba.

Maganar maiɗakinka kuwa alkunya ce, kuma harshe ya daɗe da tanadar mata mafita. Yaron da ya ci sunan kakansa ana sakaya shi da Abba, Baffa, Abbati ko Baba, yarinya kuma Ummi, Mama, Uwani ko Inna. Sai dai ka sani, sakayen nan yakan cinye sunan. Uwa ce ke kiran yaro sau hamsin a yini, abin da ta kira shi da shi ne zai bi shi makaranta. In burinka a riƙa jin Garba a gidan, sai kai da 'yan'uwanka ku riƙa kiransa da shi tun yana goye.

Tambaya: Mene ne ma'anar "suna linzami"?

Amsa: Linzami ƙarfen nan ne da ake sa wa doki a baki, a ɗaura masa ragama, mahayi ya ja shi ya juya. Haka sunan mutum: ko yana tsakiyar taro, ko ya ba ka baya yana sauri, ka ambace shi sai ya waiwayo. Wasu kan faɗaɗa karin maganar su ce suna yana jan mai shi zuwa halin ma'anarsa, daga nan ne ake cewa wane sunansa ya bi shi.

Yau linzamin nan har da na takarda. Tsofaffin sunaye sun fi shan wahala a nan, saboda kowanne yana da rubutu biyu ko uku: Hadiza, Hadizatu, Khadija, A'isha, Aishatu, Aisha. Wasu na'urorin rajista ba sa karɓar harafi mai ƙugiya ko alamar ɗauri, sai Ɗanladi ya koma Danladi, Asma'u ta koma Asmau. Tun ranar karɓar takardar haihuwa a tsayar da rubutu ɗaya da jeri ɗaya, sunan yanka a gaba, a kuma yanke ko laƙabi zai shiga ko a gida zai tsaya. Yarinyar da takardar haihuwarta ta ce Fatima, ta firamare ta ce Binta, sai ta yi rantsuwa a kotu kafin a yarda mutum ɗaya ce.