Tambaya da amsa: Hannun jarin wane kamfani zan saya alhali tattalin arziki yana tangal-tangal?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Gusau. Na kwashi adashe naira 800,000, ina son in zuba a kasuwar hannun jari. A zaurenmu na WhatsApp wasu na cewa tattalin arziki zai miƙe, a saya yanzu. Wasu na cewa naira za ta sake faɗuwa, a tsaya. Kowa kuma da kamfanin da yake tallatawa. Wa zan saurara, kuma wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa kuɗin albarka. Ba zan ambata maka kamfani in ce shi za ka saya ba, don ban san sauran hidimomin da ke kanka ba, kuma in ta ɓaci ba ni zan biya ka ba. Abin da zan yi shi ne in raba maka tambayarka gida biyu, domin 'yan zaurenku sun cuɗa su. Inda tattalin arzikin ƙasa ya dosa magana ɗaya ce, abin da zai sami kamfanin da ka sa kuɗinka a ciki kuma wata magana ce daban.

Dubi abin da ya faru a gabanmu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Talaka ya ji jiki, buhun shinkafa ya gagari mai albashi. Amma a daidai wannan lokaci ma'aunin kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas, mai nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya tashi da kusan kashi 46 cikin ɗari a 2023, ya ƙara kusan kashi 38 a 2024. Wanda ya ce "ƙasa na cikin matsi, ba zan saya ba" ya yi daidai a kan ƙasar, amma kasuwa ta wuce ta bar shi.

Sai dai kada wannan lissafi ya ruɗe ka. Hauhawar farashi a Disamban 2024 ta kai kashi 34.8. Wato wanda kuɗinsa ya bi kasuwa sau da ƙafa a shekarar, da ƙyar ya tsira da abin da ya zuba, in ka auna da abin da kuɗin ke iya saya. In kuwa da dala ka auna, faɗuwa ya yi, don dalar ta tashi daga wajen 900 a farkon shekarar zuwa sama da 1,500 a ƙarshenta.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya ka nutsu. Faɗuwar naira ba iri ɗaya ta yi wa kamfanoni ba. Ka ɗauki 'yan kasuwa biyu a Kano. Ɗaya a Kantin Kwari, ya karɓo atamfa bashi daga Sin, a dala zai biya, a naira yake sayarwa. Ɗayan a Dawanau, yana sayen riɗi da naira a hannun manoma, yana fitar da shi waje ana biyansa da dala. Dare ɗaya aka karya naira. Na farko shagonsa cike da masu saye amma bashin da ke wuyansa ya ninka uku, na biyu kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa. Ƙasa ɗaya, gwamnati ɗaya, labari ɗaya suka ji a rediyo.

Haka ta kasance a kasuwar hannun jari. MTN Najeriya, duk da miliyoyin masu sayen kati da data, ya bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024, galibi saboda nauye-nauyen da ke kansa masu alaƙa da dala. Nestle Najeriya, mai Maggi da Milo, shi ma asara ya tafka a 2023 kan bashin kuɗin waje. A ɗaya ɓangaren, manyan bankunan da ke da ajiyar dala sun ci ribar da ba su taɓa gani ba, kamfanonin manja irin su Okomu da Presco kuma suka samu kasuwa, tun da manjan da ake shigowa da shi ya yi tsada. Daga baya, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a Janairun 2025, MTN ya dawo cin riba. Wanda ya san dalilin asarar ya san irin abin da zai iya warkar da ita. Wanda bai sani ba ya sayar a firgice.

Saboda haka kafin ka sayi ko hannun jari ɗaya, ka nemo rahoton shekara na kamfanin, yana nan kyauta a shafin NGX. Da wane kuɗi yake samun kuɗin shiga, da wane kuɗi ake bin sa bashi? In kayan da yake sarrafawa sun yi tsada, yana iya ƙara farashi mutane su ci gaba da saye, kamar siminti da gishiri, ko masu saye za su watse? Shekara nawa a jere yana raba riba?

Sannan farashi. Kamfani mai kyau ma ana iya sayensa da tsada. Misali kawai: hannun jari naira 50, kamfanin ya ci ribar naira 10 a kan kowane ɗaya, wato ribar shekara 5 ka biya. Wani kuma naira 50 ɗin ne, amma ribarsa naira 1, ka ga ribar shekara 50 ka biya ke nan, sai dai in kana da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ribar za ta ninninka. In na farkon ya raba naira 5, za a cire harajin kashi 10, naira 4.50 ta shigo asusunka. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar hannun jarin naira 2 a matsayin mai araha, na naira 500 mai tsada. Ba a nan arahar take ba, tana wajen ribar da ke bayan farashin.

Batun masu tallar kamfani a zaure kuwa, na ga irinsa da idona. A 2007 zuwa farkon 2008, bayan haɗe bankunan da Charles Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya yi aka koma 25 daga 89, kowa ya zama gwani. Bankuna na ba mutane bashi su sayi hannun jari, har da na bankin da ya ba da bashin. Ma'aunin kasuwa ya haura maki 66,000 a Maris 2008, bayan shekara guda ya dawo wajen 20,000. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Ni kaina ina da takardar hannun jarin wani banki daga wancan zamani, tana cikin akwati, ko kuɗin shayi ba za ta kawo ba. Na saya ne don wani da nake ganin girmansa ya ce in saya, ban buɗe rahoton bankin ba ko sau ɗaya. Cinikin biri a sama na yi. Mai cewa ka saya, sau da yawa ya riga ka saye, yana jiran irinku ku ɗaga farashin ya sauke kayansa.

In kana kaffa-kaffa da riba ta haram, to bankunan kuɗin ruwa da kamfanonin giya sun fita daga lissafinka. Akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda ke tace kamfanoni bisa ƙa'idojin shari'a, jerinsu zai rage maka aiki. Akwai kuma Sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, wanda bai kai hannun jari hawa da sauka ba.

Da ni ne kai, kuɗin makarantar yara da na haya da abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida ba za su shiga kasuwa ba. Abin da ya rage, wanda zan iya mantawa da shi shekara biyar, in raba shi ga kamfanoni huɗu ko biyar da ba sana'a ɗaya suke yi ba, wasu masu cin moriyar naira in ta yi ƙarfi, wasu masu samun dala. Ba kuma rana ɗaya zan saya ba, kaɗan-kaɗan cikin wata shida. Da haka ba sai na san wanda ya yi gaskiya a zaurenku ba.

Dillalin da za ka bi ta hannunsa, ka duba sunansa a jerin masu rajista na hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar hannun jari, ka tabbata an buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin da ka saya, da sunanka, ka cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa faɗawa asusun bankinka kai tsaye. Duk manhajar da ta yi maka alkawarin riba tsayayya kowane mako ko wata, ba hannun jari take sayarwa ba. Waɗanda suka zuba a CBEX, manhajar da ta durƙushe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, irin alkawarin da aka yi musu ke nan.