Ki sa su shuka wake kafin hutu

Malama kin ce an gama jarabawar zango na biyu, saura sati a tafi hutun Afrilu kuma 'yan aji ɗaya sun hana ki sakat. Wallahi nima na sha wannan. Ki ce kowa ya zo da gwangwanin madara, ki huda gindin da ƙusa da kanki, kar ki ba su ƙusar fa, su zuba ƙasa su binne wake ƙwaya 3 su yayyafa ruwa, kwana 4 zuwa 5 ya tsiro. Amma a zafin nan sai inuwa, nawa na farko a taga na jera rana ta ƙone su tas har da masu kuka. Ranar hutu kowa ya tafi da nasa gida.