Amsa: Me ya sa alƙaluman gwamnati kan ladan ma'aikatan gona ba sa yin daidai da abin da ake biya?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ladan awa ɗaya a rahoton gwamnati ya fi abin da ke shiga aljihun ɗan ƙwadago. Na daɗe ina zagaya gonaki ina cike irin waɗannan takardu. Shawarata ita ce ka fara duba wa aka tambaya kafin ka dubi adadin.

Galibi mai gona ake tambaya. A zaɓi mako guda, a ce masa: mutum nawa ka ɗauka, awa nawa suka yi, nawa ka biya? Sai a raba kuɗin da awannin. Ga mai albashin wata, lissafin yana fita sumul.

Inda gizo ke saƙar shi ne aikin jinga. Wanda ake biya bisa yawan buhu ko kwandon da ya cika, babu mai riƙe masa agogo. Mai gona kintace zai yi, kuma na lura kintacen kan rage awanni, ba lallai da mugun nufi ba. Ba ya lissafa jiran mota, ko tsayuwa a layin awo da yamma. Da zarar awanni sun ragu a takarda, ladan awa ya hau. Wani kuma matarsa da yaransa sun taya shi tsinka tun safe, amma sunansa kaɗai ke cikin littafi, aikin mutum uku ya zama na ɗaya.

Ko a Amurka haka abin yake. Ma'aikatar noma ta shekara da shekaru tana tambayar masu gonaki kan mako ɗaya a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, kuma da alƙaluman aka riƙa tsayar da mafi ƙarancin ladan baƙi masu bizar H-2A, wato bizar aikin gona na wucin gadi, har aka dakatar da binciken a 2025. Amma ladan waɗanda ɗan kwangila ya kawo ba ya ciki. Ma'aikatar ƙwadago kuwa a 1988 ta fara nata binciken, na zama da ma'aikacin kansa a yi masa tambayoyi. Ni dai na fi amincewa da wannan hanyar, duk da ta fi cin kuɗi.

In jami'an sun zo wurinka, faɗi lokacin isowarka gona da na tashinka, da abin da aka zaftare maka na mota ko masauki. In za ka iya, riƙa rubutawa kullum, domin bayan mako biyu kai ma kintacen za ka yi.