Ko rajistar tarihi za ta hana yayana sayar da gidan kakanmu?

Tambaya: Barista, muna da gidan gado a Tudun Wada, Kaduna, wanda kakanmu ya gina tun zamanin Turawa, zaurensa na daurin guga yana nan tsaye. Mahaifinmu ya rasu, ba a raba gado ba, ga shi babban yayanmu ya samo mai saye da zai rushe gidan ya gina shaguna. An ce mini idan gwamnatin jiha ta yi masa rajistar wurin tarihi, ba mai iya sayar da shi, kuma ita za ta riƙa gyara shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, Malama. Ban ga takardun gidan ba, ban kuma ji ta bakin yayanki ba, saboda haka ki ɗauki wannan a matsayin haske kawai.

Wanda ya ba ki wannan shawara ya haɗa abubuwa biyu da doka ta raba: rajistar tarihi da haƙƙin magada a kan gida. Rajistar tarihi ba haƙƙinki ba ce da za ki nema a ba ki dole. Hukuma ce ke ganin dama. Tsarin mulkin 1999 ya bar wa majalisar jiha ikon yin doka kan wuraren tarihin da tarayya ba ta ayyana ba, amma kariyar da ta fi tsari ita ce ta Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda aka kafa da dokar 1979. A wurinta, takardar roƙonki ba ta kare komai. Kariya tana farawa ne daga ranar da hukumar ta buga sanarwa a gazet ta kuma miƙa wa mai gida. Daga nan ne rushewa, ko sauya fasali, ko miƙa gidan ga wani ba da izininta a rubuce ba yake zama laifi. Kafin wannan rana, mai buldoza bai san da zaman fayil ɗinki ba, kuma tafiyar tana iya ɗaukar shekaru.

Sannan tsufa kaɗai bai isa ba. Kaduna ba ta zama hedikwatar Arewa ba sai 1917, don haka "zamanin Turawa" a garin nan ya haɗa da gidaje barkatai. Gadar Lugard da ke Gamji ta samu matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1956 ne saboda an san tarihinta tun daga Zungeru, inda aka fara gina ta. Za a tambaye ki: wa ya zauna a gidan, me ya faru a cikinsa, wane magini ne ya ɗaura gugan? Hujjar tana iya kasancewa a cibiyar binciken tarihi ta Arewa House ko a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna. Sauran, wato hotuna, taswirar fili da wasiƙa zuwa gidan tarihi na titin Ali Akilu da ma'aikatar jiha mai kula da al'adu, aikin yau da kullum ne.

Ki kuma sani cewa igiyar da kike son ɗaure yayanki da ita, har da ke za ta ɗaure. Ko kwano kuke son ɗorawa don yoyo, sai da izini. Batun kuɗin gyara kuwa, ban ba ki shawarar ki dogara da shi ba.

A ganina, ƙarfinki yana cikin gadon ne. In dai ba a raba ba, yayanki ba shi da ikon sayar da abin da ya wuce kasonsa, kuma zama babba ba ya mayar da shi mai gida. Ya kamata a ce ya san wannan kafin ya fara kai mutane suna auna fili. Ko kason nasa ya sayar wa bare, a mazhabar Malikiyya kuna da haƙƙin shuf'a, wato ku biya kuɗin da aka saya ku karɓe, muddin ba ku yi dogon shiru bayan kun sani ba. Idan gidan yana da satifiket na mallakar fili, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin mallaka ta sauya hannu, don haka lauyanki ya rubuta wa KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna, tun yanzu cewa akwai taƙaddama a kan filin.

Kotun shari'a tana nan, amma ki yi hattara da ita. Idan gida bai rabuwa ba tare da ɓarna ba, alƙali yana iya cewa a sayar a raba kuɗi, wato abin da kike gudu ke nan. Kuma mai yiwuwa wasu magadan suna cikin buƙata ta gaskiya, ba za a ce su haƙura da rabonsu don zaure ba.

Ki nemi baffanninku da limamin unguwa su zaunar da ku. A yi wa gidan kima, masu son a bar shi su sayi kason masu son kuɗi, ko da biya kaɗan-kaɗan ne. Ko a keɓe zauren da ɗakunan gaba, magada su amince a yi waƙafinsu, a sayar da filin baya. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, kowa ya sa hannu gaban shaidu, sannan ku nemi rajistar da sunan magada baki ɗaya.