Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Fim Ɗin Aamir Khan Kwafi Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah ka raba mana gardama ni da yayana. Ina matuƙar son fim ɗin Indiya Dil Hai Ke Manta Nahin na Aamir Khan da Pooja Bhatt, shi kuma ya dage wai ba labarinsu ba ne, daga wani tsohon fim na Amurka suka kwafo. Gaskiya ne ko dai neman tsokana yake? Daga ƙanwarku a Damagaram.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sai dai ki yi haƙuri, wannan karon yayanki ne da gaskiya. Sunan fim ɗin It Happened One Night, ya fito a 1934, baƙi da fari, Frank Capra ne darakta, Clark Gable da Claudette Colbert ne jaruman. Naki kuwa na 1991 ne, kuma ba su ne farau ba ma, tun 1956 Raj Kapoor da Nargis suka yi nasu mai suna Chori Chori.

Labarin kin riga kin san shi. Ellie 'yar wani hamshaƙin attajiri ce, ta auri wani matuƙin jirgin sama ba da yardar ubanta ba, uban ya tsare ta a jirgin ruwansa a Florida yana neman a raba auren, ita kuwa ta faɗa ruwa ta gudu ta hau bas daga Miami zuwa New York, a nan ta haɗu da Peter, ɗan jarida da aka kora daga aiki ba ko sisi a aljihunsa, ya gane ta ya ce zai kai ta amma labarin guduwarta nasa ne shi kaɗai zai kai wa jarida. Yarinyar da ba ta taɓa lissafin kuɗin abinci ba sai ga ta an sace mata jaka, tana kwana a cikin ciyawa, har yunwa ta sa ta cin ɗanyen karas ɗin da ta raina. Da suka kama ɗaki ɗaya a masauki sai ya ɗaura igiya ya rataya bargo tsakanin gadajensu ya ce katangar Jericho ce, wato ganuwar tsohon birnin nan da aka ambata a Littafi Mai Tsarki, kuma wallahi bargon nan ya fi waƙoƙi goma nuna abin da ke zukatansu.

Ni inda ya fi burge ni shi ne ƙarshe. Uban ya sa ladan dala 10,000 ga wanda ya gano 'yarsa, kowa ya ɗauka kuɗin Peter ya zo karɓa har ita Ellie, ashe mutumin lissafinsa ya kawo a rubuce, dala 39 da santi 60, abin da ya kashe a hanya kawai. Ki tuna lokacin Amurka na cikin mummunan karayar tattalin arziki, mutane na layin neman abinci, to kin ga talakan da ya kalli dubu goma ya kau da kai ai dole 'yan kallo su so shi. Nan uban ya gane waye surukin ƙwarai, shi da kansa ya raɗa wa 'yarsa ana tsakiyar bikin sake ɗaura aurenta da matuƙin jirgin cewa akwai mota tana jira a ƙofar baya.

Amma fa in aka ce Ellie ta samu 'yanci ban gamsu sosai ba, daga hannun uba mai iko ta koma hannun saurayi mai tsawa, ko kuɗinta shi yake riƙewa a hanya. Zamaninsu ne haka.

Fim ɗin ya lashe manyan kyautukan Oscar biyar, na fim da darakta da jarumi da jaruma da rubutun labari, kuma sai da aka shekara arba'in kafin wani ya sake yin haka. Ki nemo shi ku kalla tare da yayan naki, sai dai kar ki sa ran rawa da waƙa irin na Indiya, waƙar da ke ciki ta fasinjoji ce a cikin bas.