Ki shiga, amma kada ki tsaya a aji kaɗai

Ƙanwata, kin tambaya ko karatun aikin jarida a jami'a yana da amfani, tunda yanzu duk mai waya ya zama ɗan jarida. Ki shiga.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta raba tsohon kwas ɗin Mass Comm gida bakwai: aikin jarida daban, talla daban, fim daban, hulɗa da jama'a daban. A takarda abin ya yi kyau, kayan aiki ne babu. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa wurin aikinmu SIWES, wato horon sanin makamar aiki, ya haddace tarihin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939. Na miƙa masa hira ta minti goma sha biyu, na ce ya yanko mini sakan arba'in. Ya zuba wa kwamfuta ido, hannu a kan linzami, ya kasa motsi. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa zama gabanta ba.

Da ni ke tsara manhaja, da na tsananta tantance hotuna da bidiyon da ake yaɗawa a WhatsApp, da amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardarki. Sai rubuta labari da Hausa. Gidajen rediyon Kano da Hausa suke ci, amma darasi kusan duk da Turanci.

In Jami'ar Bayero (BUK) kika samu, tun shekarar farko ki liƙe wa gidan rediyon makarantar, ko da ɗaukar makirufo ne.